Gajiyar matuƙan ƙananan jirage a Amurka: gaskiya ce ko kukan neman albashi?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya. Ɗanta ya samu aikin mataimakin matuƙi a ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin jiragen sama na Amurka, irin waɗanda ke kwaso fasinja daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filayen jirgi. Ta ci karo da wani tsohon rahoton talabijin da ke nuna matuƙa suna kwana a kan kujeru kafin su tashi da jirgi, hankalinta ya tashi. Sai wani ya ce mata ta kwantar da hankalinta, surutun 'yan ƙungiyar ƙwadago ne masu neman ƙarin albashi, 'yan jarida kuma suka ƙara gishiri. Tana son sanin wanne ne gaskiya, kuma ko ɗanta yana cikin haɗari.

Hajiya, Allah ya sanya albarka a aikin yaron, ya tsare shi a tashi da sauka. Na yi shekaru ina zama a kujerar dama, ta mataimaki, a irin wannan kamfani, kafin in koma ta hagu in zama kyaftin. Daga baya na yi aikin sa kai a kwamitin ƙungiyarmu mai duba rahotannin gajiya. Don haka ki sani ina da ɓangare a maganar, ki auna abin da zan faɗa da wannan. Gajiyar gaskiya ce, kuma ta ci rayuka. Wanda ya ce miki akwai neman albashi a ciki bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ɗauka. Abin da zai sanyaya miki rai shi ne aikin da ɗanki ya shiga yau ya fi wanda kika gani a rahoton nan sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake akwai ɓarakar da har yanzu ba a ɗinke ba.

Sai kin fahimci yadda kasuwar take kafin ki gane inda gajiyar ke fitowa. Mutum ya sayi tikitin Delta ko United ko American, ya hau jirgi mai fenti da tambarin kamfanin, amma matuƙan da ke gaba ba ma'aikatan kamfanin ba ne. 'Yan kwangila ne. Babban kamfani shi ke sayar da tikiti, shi ke tsara lokutan tashi, shi ke karɓar kuɗin. Ƙaramin kamfani irin su SkyWest ko Republic ko Mesa ana biyansa ne kan zirga-zirgar da ya yi. Wasu ƙananan ma mallakar manyan ne kai tsaye, kamar Endeavor na Delta, ko Envoy da PSA da Piedmont na American. A wajejen 2009 kusan rabin jiragen fasinja da ke tashi a cikin Amurka irin waɗannan kamfanoni ne ke tuƙa su. Kwangila kuwa tana zuwa ga wanda ya fi arha. Kuɗin mai da kuɗin jirgi kusan ɗaya ne ga kowa, saboda haka inda ake samun rangwame shi ne jikin ma'aikaci: a biya shi kaɗan, a matse jadawalinsa, a rage yawan waɗanda ke zaman ko-ta-kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abu biyu ke ɗaure matuƙi a wannan tsari. Na farko yadda ake lissafin albashi. Ana biya ne da awa, amma awar tana fara ƙirguwa daga lokacin da aka rufe ƙofa jirgi ya motsa, ta tsaya idan ya isa ya tsaya. Zagayen duba jirgi, jiran fasinja, zaman awa uku tsakanin sauka da tashi, jinkirin hadari, duk wannan aiki ne amma ba ya cikin lissafi. Mutum zai yi awa 13 sanye da kayan aiki a biya shi kuɗin awa 5 ko 6. Na biyu jerin tsufa a aiki. Ranar da aka ɗauke ka ita ce lambarka, lambar kuma ita ke yanke maka komai: jadawalin wata, ranakun hutu, garin da za a ajiye ka, lokacin da za ka zama kyaftin. Idan ka bar kamfanin, ko kamfanin ya rushe, ka koma ƙasan jeri a sabon wuri ko da kana da shekara ashirin a sama. Shi ya sa mutum ke jure abin da bai kamata ya jure ba.

Daga nan ne zancen kwana a kujera ya samo asali. Kamfani zai ajiye sabon matuƙi a Niyok ko Washinton, garuruwan da albashinsa na wancan lokaci ba zai biya hayar ɗaki ba, kuma bayan wata shida ana iya rufe sansanin a mayar da shi wani gari, don kwangilar ta canja. Sai mutane su bar iyalinsu inda suke, su riƙa hawa jirgi kyauta a kujerar da ta rage, su je wurin aiki. Tafiyar nan ba ta cikin lokacin aiki, doka tana ɗaukar ta a matsayin hutu. Na zauna a irin gidajen haɗakar da matuƙa ke kamawa kusa da filin jirgi. Ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu a jere, kowa ya rataye bargo a bakin gadonsa don ya tare haske. Wani na shigowa ƙarfe ɗaya na dare yana jan akwati a hankali, agogon wani na kaɗawa ƙarfe uku da rabi. A wasu gidajen ba ka da gado naka, wanda ka tarar babu kowa shi za ka shimfiɗa zaninka a kai. Wanda bai iya biyan ko wannan ba, shi ne kika gani a kan doguwar kujera a ɗakin ma'aikata, ya rufe fuska da riga.

Mutane da yawa suna ɗauka gajiyar matuƙi tana nufin ya yi barci a kan sitiyari. Hakan na faruwa, amma ba shi ne ya fi yawa ba, kuma ba shi ya fi ba ni tsoro ba. Abin da gajiya ke fara ci shi ne lura. Ido yana kan allo amma bai ga allurar gudu tana sauka ba. Hankali ya maƙale a kan abu ɗaya ya manta da saura. Mutum ya daina magana da abokin aikinsa, ya fara yarda da abin da da safe zai ƙi. Binciken Dawson da Reid na 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, ƙwazonsa ya faɗi kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Wani bincike na 2003 da Van Dongen da abokan aikinsa suka yi ya fi shafar mu: mutanen da aka taƙaita musu barci zuwa awa 6 kowane dare har mako biyu, ƙwazonsu ya yi ta raguwa kullum, amma da aka tambaye su sai suka ce ba sa jin barci sosai. Wato mai bashin barci shi ne na ƙarshen sanin yawan bashin da ke kansa. Ga kuma agogon jiki, wanda ke faɗuwa ƙasa tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba. Matuƙin da zai kama aiki ƙarfe 5 ya tashi ƙarfe 3 da rabi, kuma ba zai iya tilasta wa idonsa barci ƙarfe 7 na yamma don ya biya ba. Ƙari a kan haka, matuƙin ƙaramin jirgi yana sauka sau biyar ko shida a yini, alhali sauka da tashi su ne inda aikin ya fi cin ƙwaƙwalwa.

Zan ba ki misali da kaina. Rana ta huɗu ce ta tafiya, kowace rana mun fara tun duhu. Muna saukowa a zango na biyar, sai mai kula da zirga-zirga ya ba mu tsayin da za mu sauka zuwa gare shi. Na maimaita masa lambar daidai da bakina, na miƙa hannu na juya maɓallin, sai na sa wata lamba dabam. Kyaftin ɗina, dattijo mai ƙarancin magana, ya sa yatsa a kan allon bai ce komai ba. Na kalli lambar na ɗan lokaci ban ga laifinta ba. Sai da ya faɗe ta da baki sannan na farga. Ba abin da ya faru, mun sauka lafiya, fasinja ba su san komai ba. Da muka kashe inji ya juyo ya ce, "Akwai sauran zango ɗaya. Ka gaya mini gaskiya, za ka iya?" Na ce zan iya, don ina tsoron abin da za a rubuta a fayil ɗina. Ya ɗauki waya da kansa ya kira ofishin jadawali ya ce shi ne ya gaji. Ya ɗauki nauyin ne don lambarsa ta fi tawa ƙarfi. Wannan ranar ce ta sa daga baya na shiga kwamitin gajiya.

Tsoron nan da na ji ba nawa ne ni kaɗai ba, yana cikin rahotannin hukuma. A Fabrairun 2007 jirgin Shuttle America ya zarce titin sauka a Cleveland cikin dusar ƙanƙara, hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta ambaci gajiyar kyaftin, ta kuma ɗora laifi a kan tsarin kamfanin da bai ba matuƙi damar cewa ya gaji ba tare da fargabar hukunci ba. Kafin nan, a Oktoban 2004, jirgin Corporate Airlines ya faɗi a Kirksville ta jihar Misuri, mutum 13 suka rasu. Matuƙan suna zango na shida, sun haura awa 14 a bakin aiki. A Fabrairun 2008 matuƙa biyu na kamfanin go! a Hawai suka yi barci lokaci ɗaya da hantsi, jirgin ya wuce garin Hilo kafin su farka, daga baya aka gano kyaftin yana da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. NTSB ta sa gajiya a jerin abubuwan da ta fi son a gyara tun 1990. Hukumar sufurin sama ta FAA ta fito da daftarin sabuwar doka a 1995, kamfanoni da ƙungiyoyi suka kasa daidaitawa, daftarin ya kwanta shekara goma sha huɗu.

Abin da ya tayar da shi shi ne daren 12 ga Fabrairu 2009. Jirgin Colgan Air mai lamba 3407, yana ɗauke da sunan Continental Connection na babban kamfanin Continental, ya taso daga Newark zuwa Buffalo, ya faɗa kan wani gida a Clarence Center. Mutum 49 na cikin jirgin da mutum ɗaya a gidan suka rasu. Gudun jirgin ya ragu lokacin shirin sauka ba wanda ya lura, na'urar gargaɗi ta girgiza sitiyari, maimakon kyaftin ya tura hanci ƙasa don fikafikai su sake kama iska, sai ya ja shi sama. Da aka zauna sauraron shaida a watan Mayu, rayuwar matuƙan biyu ta fito fili. Mataimakiyar 'yar shekara 24 ce, albashinta na shekara kusan dala 16,000, tana zaune kusa da Seattle, can ƙarshen yamma. Ta kwana a hanya cikin jiragen dakon kaya, ta bi ta Memphis, ta iso Newark da sassafe ranar da za ta yi aiki. Mura na damunta, an kuma ji ta a na'urar naɗar murya tana cewa idan ta ce ba ta da lafiya sai ta biya wa kanta otal har ta warke. Kyaftin daga Fulorida yake zuwa, ya kwana a ɗakin ma'aikata, an ga ya shiga kwamfutar kamfani bayan ƙarfe 3 na dare. Cikin matuƙa 137 na kamfanin da ke Newark, 93 daga wani wuri suke zuwa.

A nan dole in faɗi abin da 'yan ɓangarena ba su cika son faɗa ba. Rahoton ƙarshe na NTSB a Fabrairun 2010 bai sa gajiya cikin musabbabin haɗarin ba. Ya ce mai yiwuwa ne gajiya ta rage musu ƙwazo, amma ba a iya tantance iyakar tasirinta ba. Shugabar hukumar, Deborah Hersman, ta nemi a saka ta, sauran mambobi biyu suka rinjaye ta. Babban dalilin da aka rubuta shi ne kuskuren kyaftin, tare da hira a lokacin da doka ta hana hira, da raunin ƙa'idojin kamfanin kan gudun sauka cikin ƙanƙara. Mutumin ya taɓa faɗuwa jarrabawar tuƙi fiye da sau ɗaya. Ni dai ra'ayina yana tare da Hersman, don rashin lura da allurar gudu shi ne ainihin kamannin gajiya da na sani a jikina. Amma gajiya ba ta barin tabo a gawa yadda barasa ke bari a jini, shi ya sa kullum tabbatar da ita ke da wuya, shi ya sa kuma mai son musunta ta ke samun mafaka.

Game da 'yan jarida, Hajiya, ba ƙirƙirar labarin suka yi ba, laifinsu shi ne zuwa a makare. Matuƙa sun shekara da shekaru suna faɗar wannan magana ba mai saurare. Abin da ya sa ta kama a 2009 haɗuwar abubuwa ce. Wata guda kafin Buffalo, Kyaftin Sullenberger ya sauke jirgin US Airways a kogin Hudson kowa ya tsira, ƙasar ta ɗauke shi gwarzo. Kwana goma sha biyu bayan Buffalo ya tsaya gaban Majalisa ya ce an zaftare albashinsa da kashi 40 cikin ɗari, an soke fanshonsa. Sai ga hoton matuƙiya mai albashin da bai kai na masu aikin kanti da yawa ba. A Fabrairun 2010 shirin Frontline na tashar PBS ya yi dogon rahoto kan ƙananan kamfanonin, mai yiwuwa irinsa kika gani. Amfanin wannan haske babba ne: fasinja ya fara tambayar wane ne ke tuƙa jirgin da ya hau. Illarsa kuma ita ce jarida tana son fuska da gawa. Matuƙi a kan kujera hoto ne mai kyau; jadawalin da ke juya mutum daga aikin asuba zuwa aikin dare cikin kwana uku ba ya ɗaukuwa a kyamara, alhali shi ya fi gajiyar da mutane. Da kyamarori suka tafi, waɗanda suka riƙe wuta su ne iyalan mamatan jirgi 3407. Sun riƙa zuwa Washinton da kuɗin aljihunsu, sanye da jajayen kaya, riƙe da hotunan 'yan uwansu, ofis bayan ofis. Ba wanda zai iya ce musu albashi suke nema.

Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar tsaron jiragen sama da iyalan suka yi fafutukarta a ranar 1 ga Agusta 2010. Daga cikinta ƙa'idar hutu ta fito, wadda ake kira sashe na 117, aka sanar da ita a Disamban 2011, ta fara aiki 4 ga Janairu 2014. A da ana iya riƙe mutum awa 16 a bakin aiki, a rage hutunsa zuwa awa 8, kuma cikin takwas ɗin nan ne zai jira motar otal, ya ci abinci, ya yi wanka, ya dawo. Barcin da ke saura bai wuce awa 5 ko 6 ba. Yanzu hutu awa 10 ne ba ragi, kuma dole a cikinsa a samu damar barcin awa 8 ba yankewa. Tsawon yinin aiki ya koma tsakanin awa 9 da 14, gwargwadon lokacin farawa da yawan sauka: wanda ya fara ƙarfe 7 na safe da zango ɗaya ko biyu zai iya kai 14, mai zango bakwai ya tsaya a 11 da rabi, wanda ya fara bayan tsakar dare 9 kawai. Dole a ba shi awa 30 a jere babu aiki cikin kowane mako. Sannan kafin kowane tashi matuƙi yana sa hannu cewa yana da ƙarfin aiki, idan kuma ya ce ya gaji kamfani ba shi da ikon tura shi. Wannan doka ce ɗanki yake aiki a ƙarƙashinta, kuma na ga bambancinta a jikina.

Yanzu ga maganar ƙungiya. Babbar ƙungiyar matuƙa, ALPA, an kafa ta a 1931, kuma tun farkonta rikicinta da kamfanoni a kan tilasta wa matuƙi tashi ne a yanayin da bai yarda da shi ba. Ba duk ƙananan kamfanoni ke cikinta ba: matuƙan Republic suna tare da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, na SkyWest ba su da ƙungiya ta waje. Shin ƙungiya tana haɗa maganar gajiya da maganar kuɗi? Ƙwarai. Idan ana tattauna sabuwar yarjejeniya, kukan gajiya yakan ƙaru, ni ma na lura. Amma ki dubi labarin yarinyar Seattle ki gaya mini inda za a raba su. Ƙarancin albashi ne ya hana ta zama kusa da aiki, ya hana ta kama otal, ya hana ta cewa ba ta da lafiya. Kuma akwai dalilin da ya sa ƙungiya ke yawan zuwa wurin 'yan jarida. Dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka shigar da jiragen sama cikinta a 1936, ta sa yajin aiki ya yi wuya sosai. Yarjejeniya ba ta ƙarewa, sai dai lokacin gyaranta ya yi, ana iya shekaru ana jan zance, kuma ba a yajin aiki sai hukumar sasanci ta tarayya ta sake ku, a ƙara jiran kwana 30. Matuƙan Comair, ƙaramin kamfani mallakar Delta, sun yi yajin kwana 89 a 2001 suka samu yarjejeniya mai kyau. A 2012 Delta ta rufe kamfanin. Akwai wasu dalilai, kamar tsadar mai a jirage masu kujera 50, amma darasin da kowane matuƙi ya ɗauka shi ne wanda ya yi tsada za a kai aikinsa wurin maƙwabci.

Aikin ƙungiya da ya fi amfani ba ya fitowa a talabijin. Shi ne mutum uku a ƙaramin ɗaki, na kamfani da na ƙungiya, suna karanta rahoton wani mataimaki da ya ce ya gaji, suna yanke ko laifin jadawali ne a biya shi kuɗin zangon da ya bari, ko laifinsa ne. Shi ne cire otal ɗin da ke gefen babbar hanya daga jerin masaukai. Shi ne wakilin da zai zauna kusa da kai ranar da shugaban matuƙa ya kira ka ofis. Inda nake ganin ƙungiyoyin sun gaza shi ne batun tafiya zuwa aiki daga nesa. Matuƙa suna son wannan 'yanci, ba sa son a taɓa shi, kamfanoni ba sa son biyan kuɗin zama a manyan birane, sai kowa ya yi shiru. An ba Majalisar Bincike ta Ƙasa aikin nazari, a 2011 ta ce bayanan da ake da su ba su isa a kafa doka ba. Har yau mutum zai iya kwana a hanya ya kama aiki da safe, abin da ke tsakaninsa da ɗakin tuƙi sa hannunsa ne kawai.

Dokar 2010 ta kuma ɗaga ƙa'idar ɗaukar mataimaki daga awa 250 zuwa 1,500, da sassauci ga tsofaffin sojoji da masu digirin tuƙi. Ana ta gardama a kanta, masu suka suna cewa matuƙan Colgan biyun duk sun haura 1,500, kuma gaskiya ne. Amma ta yi wani aiki ta bayan gida: matuƙa sun yi ƙaranci, kamfanoni suka rasa masu karɓar albashin yunwa. A 2022 Envoy da Piedmont suka ɗaga kuɗin sabon mataimaki daga dala 51 zuwa 90 a awa, sauran suka bi. A shekarar ce Republic ta nemi a rage wa ɗalibanta awannin zuwa 750, FAA ta ƙi. Mataimakin yau yana iya kama otal daren da zai fara aiki, kuma a ganina wannan ya rage gajiya kamar yadda dokar hutu ta rage. Bayan haɗarin Buffalo, Amurka ta yi kusan shekara 16 ba a yi babban haɗarin jirgin fasinja na kamfanoninta ba, sai karon jirgin PSA da jirgin soja mai saukar ungulu a Washinton a Janairun 2025, wanda lamari ne na daban.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. An cire matuƙan jiragen dakon kaya daga sashe na 117 saboda lissafin kuɗi, alhali su ne masu aikin dare. A Agustan 2013 jirgin UPS ya faɗi da asuba a Birmingham ta Alabama, matuƙa biyu suka rasu, gajiya na cikin abin da aka ambata. Doka ta yarda a tsawaita yinin aiki har awa 2 idan kyaftin ya amince, kuma ƙin amincewa alhali fasinja saba'in suna kallon ka ba abu ne mai sauƙi ba. Manhajojin tsara jadawali suna cika shi har bakin iyakar doka. Binciken NASA ya nuna ɗan gajeren barci na kusan minti 26 a ɗakin tuƙi, ɗaya na barci ɗaya na tsaro, yana farfaɗo da lura sosai. Kanada da Turai sun yarda da shi bisa ƙa'ida, FAA ba ta yarda ba.

Ɗanki sabo ne, saboda haka zai fara da zaman ko-ta-kwana, waya a hannu, ba ya sanin ko asuba za a kira shi ko dare. Watannin nan su ne mafi wuya. Idan kuna waya, kada ki tsaya a "ya aiki". Ki tambaye shi a ina yake kwana daren da zai fara tafiya, kuma ko ranar aikin yake tahowa ko yana isa tun jiya. Idan zai yiwu ya zauna a garin da aka ajiye shi ko da shekarar farko ce, ki ƙarfafa masa gwiwa, ko da hakan ya rage zuwansa gida. Ki tambaye shi me ke faruwa a kamfaninsu idan mutum ya ce ya gaji: ana yanke masa kuɗi, ana kiransa ofis, wa ke karanta rahoton? Idan yana minshari mai ƙarfi ko yana farkawa a gajiye bayan dogon barci, ya ga likita. Ciwon ɗaukewar numfashi ana maganinsa kuma mutum ya ci gaba da tuƙi. Ranar da ya dawo daga tafiyar kwana huɗu, a bar shi ya yi barci kafin a jera masa hidimomi. Kuma ki gaya masa da bakinki cewa duk ranar da ya kira ofis ya ce ba zai tashi ba don ya gaji, ko da an yanke masa kuɗin ranar, ke kin yarda da shi.